Yadda ake zama da katin tarot a yi nazarin tsohon kisan da aka kasa warwarewa: misalin 'ya'yan sarkin Ingila na 1483

Bari in fara da inda na san za a tare ni. Ranar da yayata ta shigo ɗakina ta tarar na baza katuna a kan tabarma, ga littafi ga biro a gefe, tsayawa ta yi a bakin ƙofa ta riƙe haɓa ta ce "Auta, duba ka fara kuma?" Na ce wallahi Yaya ba duba ba ne, zauna ki gani. Ba ta zauna ba, amma dai ba ta kai ƙarata wajen Hajiya ba, wannan ma nasara ce.

To ku ma ga amsar da na ba ta. Gaibu Allah kaɗai ya san shi, kwali da fenti bai san komai ba, kuma duk wanda ya ce maka katinsa zai faɗa maka wanda ya yi kisa shekara ɗari biyar da suka wuce to kuɗinka yake so ko kuma kansa ya ɗan taɓu. Abin da nake yi da katin shi ne in sa hoton da ban zaɓa ba ya tilasta mini yin tambayar da ni da kaina ba zan taɓa yi ba, saboda kowa in ya karanta labarin kisa tun shafi na biyu ya riga ya yanke wa wani hukunci a ransa, daga nan duk abin da ya karanta hujjar kansa yake tarawa. In zuciyarka ba ta kwanta da katin ba kar ka takura kanka, ka tambayi malaminka, ko ka yanko hotuna daga tsofaffin mujallu da kalanda ka liƙa a kwali, aikin ɗaya za su yi maka. Zan dawo kan wannan a gaba, akwai gwajin da zai nuna maka haka ƙiri-ƙiri.

Mataki na 1: san abin da ke hannunka

Tarot asalinsa karta ce ta wasa. A arewacin Italiya ta ɓulla wajejen shekarun 1440, a fadojin masu mulki irin na Milan da Ferrara, ana buga ta kamar yadda ake buga kowace karta. Ita kanta kartar ta shiga Turai ne wajejen 1370 daga Masar ta zamanin Mamluk, shi ya sa har yau za ka ga kofuna da takubba da sulalla a jiki. Maganar duba da ita daga baya ta zo, wani Bafaranshe mai suna Court de Gébelin ne a 1781 ya rubuta cewa wai sirrin Fir'aunonin Masar ne a ciki, ba shi da hujja ko ɗaya amma maganar ta yi wa mutane daɗi sai ta zauna.

Katunan 78 ne. Manya 22 masu suna irin su Wawa, Sarki, Adalci, Hasumiya, Wata, Rana. Ƙanana 56 an kasa su gida huɗu, kofuna, takubba, sanduna da sulalla, kowane gida daga 1 zuwa 10 sai ɗan aike, barde, sarauniya da sarki. Wanda za ka nema shi ne samfurin Rider-Waite da aka buga a Landan a 1909, wanda wata mata Pamela Colman Smith ta zana, dalili kuwa shi ko ƙananan katunan an zana musu mutane suna wani abu, ba wai kofi shida a jere kawai ba. Hotunan suna nan a intanet saboda tsufansu, ni firintin na yi a shago na yanka da almakashi na manna a kwalin indomi, ba sai ka kashe kuɗi ka yi oda ba. Abu ɗaya dai, bayan katunan ya zama iri ɗaya, in ba haka ba za ka riƙa gane su ka fara yi wa kanka maguɗi.

Kuma ba sai ka haddace ma'anonin da 'yan duba suka ba kowane kati ba. Ni ma ban haddace ba kuma da gangan ne. Idonka muke so.

Mataki na 2: zaɓi labarin da ya tsufa sosai

Nan ba na wasa. Kar ka ɗauki kisan da aka yi bara, ko wanda iyalan mamacin suna raye suna kuka, ko wanda ake zargin wani mai rai. Balle satar da aka yi a gidanku ko unguwarku, wannan kam duba ce tsagwaronta, kuma mun san gidaje nawa suka watse saboda an je wani wuri an ce "wata doguwa ce baƙa a cikin dangi". Ka nemi labarin da duk wanda ke ciki ya zama ƙasa tun tuni, kuma masana tarihi sun yi rubutu a kai har za ka iya bin diddigi.

Ni na ɗauki labarin 'ya'yan sarkin Ingila biyu da suka ɓata a Hasumiyar Landan a 1483, kuma da shi zan yi misali har ƙarshe.

Mataki na 3: karatu kafin kati

Wannan shi ne matakin da ya fi cin lokaci kuma shi ne wanda mutane suke tsallakewa saboda ɗoki. Ka ɗauki littafi ka ja layi biyu a shafi ya zama gida uku. Gidan farko rubuta "Tabbas", na biyu "An ce", na uku "Tunanina". Gida na uku ka bar shi wayam tukuna. Ni sati guda na yi ina cike biyun farko kafin in taɓa kati.

Ga abin da ya shiga gidan Tabbas nawa. Sarki Edward na 4 ya rasu ran 9 ga Afrilu 1483, ya bar 'ya'ya maza biyu, Edward mai shekara 12 wanda ya zama Edward na 5, da ƙanensa Richard mai shekara 9. Babban yana garin Ludlow a hannun kawunsa Anthony Woodville, wato ɗan'uwan mahaifiyarsa Elizabeth Woodville. Baffansu kuwa, ƙanen ubansu, shi ma sunansa Richard, mai sarautar Gloucester, shi ne aka ce ya yi riƙon ƙwarya har yaro ya girma. A turance kalma ɗaya suke kiran kawu da baffa shi ya sa in kana karanta nasu sai kanka ya ɗaure, mu kuwa da ka ce rigimar dangin uwa ce da dangin uba kan wa zai riƙe maraya mai gado, shikenan kowa ya gane.

Ƙarshen Afrilu baffa ya tare ayarin yaron a Stony Stratford kan hanyar Landan, ya karɓe shi, ya kama kawu da wasu mutum biyu. Uwar da ta ji labari ta kwashi sauran 'ya'yanta ta fake a majami'ar Westminster, inda a al'adarsu ba a shiga a kamo mutum. A watan Mayu aka sauki yaron sarki a Hasumiyar Landan, kuma kar ka ce kurkuku aka kai shi, a lokacin wurin fada ce kuma daga nan sarakuna ke fita zuwa naɗi. Ran 13 ga Yuni aka sare kan Hastings, babban aminin marigayi sarki, ba tare da wata shari'ar kirki ba. Ran 16 aka lallashi uwar ta ba da ƙaramin ya je ya zauna da wansa. Ran 22, ranar da da ita aka sa don naɗin yaron, sai ga wani mai wa'azi ya hau mumbari ya ce yaran ba 'ya'yan halak ba ne, hujjar da aka tsaya a kai daga baya ita ce wai ubansu ya riga ya ƙulla alkawarin aure da wata Eleanor Butler kafin ya auri uwarsu. Ran 25 aka kashe kawu a Pontefract. Ran 6 ga Yuli aka naɗa baffa ya zama Richard na 3. Daga ƙarshen wannan bazarar ba a ƙara ganin yaran ba. Ba gawa, ba jana'iza, ba sanarwa.

Ka lura ko kalmar "kisa" ban sa ta a gidan Tabbas ba. Ɓata ne tabbas.

Gidan An ce kuwa ya cika taf. Wani ɗan Italiya Dominic Mancini da ke Landan a lokacin ya rubuta cewa an janye yaran zuwa ɗakunan ciki ana ganinsu jefi-jefi ta taga har aka daina, kuma likitan yaron, Argentine, ya ce kullum yaron yana neman gafarar zunubai kamar wanda ya san mutuwa na tafe. Amma Mancini ya bar Ingila a watan Yuli. Wani marubuci ɗan Ingila Thomas More ya rubuta cewa baffa ya sa wani James Tyrrell, shi kuma ya sa mutum biyu suka danne yaran da matashin kai suna barci aka binne su ƙarƙashin matakala. Wasu sun ce Buckingham ne, abokin tafiyar Richard da ya juya masa baya ya yi tawaye aka sare kansa a Nuwamba 1483. Wasu sun ce Henry Tudor ne, wanda ya kashe Richard a yaƙin Bosworth ran 22 ga Agusta 1485 ya zama Henry na 7. Wasu kuma sun ce ai ba a ma kashe su ba.

Mataki na 4: rubuta wanda kake zargi, ka ninke takardar

Kafin ka taɓa kati ka yagi 'yar takarda ka rubuta sunan wanda ranka ya ba ka da dalili a layi ɗaya. Ni na rubuta "Baffa ne, wa ya ci riba in ba shi ba". Ninke ka sa ƙarƙashin littafin. Za mu buɗe ta a ƙarshe.

Mataki na 5: ware gurabe biyar

Yanka takardu biyar ƙanana ka jera a tabarma ko tebur, kowace da tambayarta. Nawa su ne: yaran kansu, wanda ya ci riba, mai ba da labari, giɓin da ke cikin hujja, sai na ƙarshe ni mai karatu. Kar ka taɓa sa gurbin "wa ya yi kisan". Da ka sa shi ka fita daga nazari ka shiga abin da Yaya ta zarge ni da shi, kuma ko sarkin takubba ne ya faɗo a wurin ba abin da ya ƙaru da kai.

Wata shawara da na koya bayan na sha mamaki a banza: a wannan labarin ka cire katin Hasumiya, lamba 16, ka ajiye gefe. Hoton jikinsa hasumiya ce tsawa ta faɗa mata, kambun sarauta ya tuntsuro daga sama, ga mutum biyu suna faɗowa ƙasa. Zaman farko da na yi ya fito mini, tsigar jikina sai da ta tashi. Da na natsu na yi lissafi, kati 5 cikin 78, kusan sau ɗaya cikin zama 16 zai fito ko kana so ko ba ka so, kuma ba don yaran aka zana shi ba. Amma ranar ban iya tunanin komai ba sai mamaki, zaman ya tashi a tutar babu.

Mataki na 6: cakuɗa, ja biyar, buɗe ɗaya-ɗaya

Ka cakuɗa sosai kamar za a buga karta, ba addu'a ba tsafi ba kunna turare, ka ja biyar ka kifa kowanne a gurbinsa. In kati ya zo a juye ka daidaita shi kawai. Ka'idar ita ce a kowane kati abu uku za ka yi kuma a jere: ka rubuta abin da idonka ya gani a hoton kamar kana kwatanta wa makaho, sannan ka mayar da shi tambaya a kan gurbin, sannan ka koma gida biyun farko na littafinka ka ga me suke da shi a kan tambayar. Amsar da ta fito daga kanka gida na uku za ta, ba ta da izinin tsallakawa.

Ga yadda zamana na biyu ya kasance.

Gurbin yara, shida na takubba ya fito. Hoton: wani mutum a tsaye yana tura kwalekwale da gora, a zaune wani ya lulluɓe da mayafi ga ƙaramin yaro a gefensa, duk sun ba mu baya, takubba shida a kafe cikin jirgin. Tambayar da ta zo mini: shin an fitar da su da rai? Hasumiyar a bakin kogin Thames take, fita ta ruwa da dare ba abu ne mai wuya ba. Na koma littafi. A shekarun 1490 wani saurayi ya ɓulla yana cewa shi ne ƙaramin, Richard, kuma goggon yaran ta gaske, Margaret ta Burgundy, ta karɓe shi ta ce ɗan ɗan'uwanta ne, sarkin Scotland James na 4 har mata ya ba shi daga manyan gida. Da Henry ya kama shi ya amsa cewa shi Perkin Warbeck ne ɗan garin Tournai, aka rataye shi a 1499. To amsawar wanda ke hannun sarki wane nauyi gare ta, ita kuma goggo da ta tsani Henry kamar me shaidarta wane nauyi gare ta? Kafin wannan katin ni Warbeck ɗan damfara kawai na ɗauke shi na wuce, ban taɓa auna ɓangare biyun ba. Amma nan ma akwai tarko, hoton yana da taushi, sai ka ji kana so a ce sun tsira, to so ɗin nan shi ma ka rubuta shi a gida na uku da sunansa.

Gurbin riba, huɗu na sulalla. Wani mai kambu a zaune ya rungume sulai ɗaya a ƙirji, ɗaya a kansa, biyu ya take da ƙafa, gari na can bayansa. Da gani na ce yawwa ga baffa nan, har na ɗauki biro. Sai na tuna ka'ida, tambaya za a yi: mutum nawa ne a labarin nan suka zauna haka? Richard kam ya zauna, amma shi ya riga ya sa majalisa ta yi doka a 1484 cewa yaran ba su da gado, a takarda sun fita daga layi. Henry fa? Shi 'yar'uwar yaran Elizabeth ya aura a Janairu 1486 don ya ƙarfafa kujerarsa, kuma dole ya soke waccan dokar don matarsa ta zama 'yar halak, to da ya soke ta su ma yaran sun koma halak ke nan, in suna raye sun fi shi cancanta nesa ba kusa ba. Ka ga riba ta zama ta mutum biyu. Sai dai littafin ya ja mini birki: Henry yana gudun hijira a Brittany lokacin da aka daina ganin yaran, kafin a ɗora masa sai an nuna sun rayu shekara biyu a ɓoye ba wanda ya gan su. Shi kuwa Richard makullan Hasumiyar suna hannun mutanensa, kuma da jita-jita ta cika gari har aka yi masa tawaye, fito da yaran bainar jama'a na minti biyar ya isa ya kashe maganar, bai yi ba. Wannan shirun nasa har yau shi ne ya fi komai nauyi a wurina.

Gurbin mai ba da labari, bakwai na takubba. Wani yana sanɗa daga sansani ya rungumo takubba biyar, yana waiwaye, biyu ya bari a kafe a ƙasa. Tambaya: me mai labarin ya ɗauka, me ya bari, kuma wa yake waiwaya? Thomas More an haife shi a 1478, wato shekararsa biyar lokacin da abin ya faru, kuma yana yaro ya yi hidima a gidan John Morton, wanda maƙiyin Richard ne kuma babban na hannun daman Henry. Ya ce Tyrrell ya amsa laifin kafin a kashe shi a 1502, amma laifin da aka kashe Tyrrell a kai daban ne, kuma takardar amsa laifin ba wanda ya taɓa nuna ta. Wannan ba ya nufin More ƙarya ya yi, yana iya yiwuwa ya ji daga bakin waɗanda suka sani, a Landan ya tashi cikin mutanen da suka ga zamanin. Abin da katin ya sa na yi kawai shi ne na bi gidan An ce layi-layi na rubuta a gefen kowane suna shekarunsa a 1483, inda yake, da wanda ke ciyar da shi. Ka gwada, rabin shaidunka za su rage tsayi.

Gurbin giɓi, Wata. Hanya ta ratsa tsakanin hasumiya biyu, kare da kyarkeci suna haushin wata, wani abu kamar ƙaguwa yana fitowa daga ruwa. Gani ake amma ba sosai ba. Nan ƙasusuwa suka faɗo mini. A 1674 leburori suna rushe wata matakala a Hasumiyar suka tono ƙasusuwan yara biyu, Sarki Charles na 2 ya sa aka zuba su a wani tulun marmara aka ajiye a Westminster da sunan yaran. A 1933 aka buɗe aka duba aka ce shekarun sun yi daidai, amma masu duban sun shiga ne da yaƙinin cewa su ne, ba su tantance maza ne ko mata ba, ba su da hanyar sanin ƙarnin da aka binne su, har ƙasusuwan dabbobi aka samu a cakuɗe. Kuma shi More da ake cewa ƙasusuwan sun gaskata shi, a labarinsa cewa ya yi daga baya an tone gawarwakin daga ƙarƙashin matakalar an canza musu wuri. Abin haushin, shi baffan an tono nasa ƙasusuwan a 2012 a wani wurin ajiye motoci a Leicester aka tabbatar da shi ta gwajin ƙwayoyin halitta, wato kayan aikin suna nan, tulun ne ba a ba da izinin sake buɗewa ba. Ko da an buɗe ma aka ce su ne, zai gaya mana sun mutu suna yara, ba zai faɗi hannun wa ba.

Gurbi na biyar, ni. Biyu na takubba: mace a zaune an ɗaure mata ido da ƙyalle, ta gicciya takubba biyu a ƙirji, teku a bayanta. Na daɗe a kan wannan. Tambayar ita ce me na ƙi kallo. Na zaro 'yar takardar da na ninke, "Baffa ne", na tambayi kaina daga ina wannan saurin ya zo, sai na gane tun ina yaro kunnena ya cika da labaran riƙon maraya da cin gado, a danginmu ma an yi wata rigimar gona da har yau wasu ba sa gaisawa, to da na ji an ce baffa da marayu da dukiya ban jira shaida ba. Kuma akwai layi ɗaya a littafina da na riƙa tsallakewa: a Maris 1484 uwar yaran ta fito daga mafakarta ta miƙa 'ya'yanta mata ga Richard bayan ya yi rantsuwa a gaban jama'a cewa ba zai cutar da su ba. Uwar da ta san ya kashe mata maza biyu za ta yi haka? Wata zuciyar ta ce ai ya riga ya kashe mata ɗan'uwa da wani ɗanta na auren fari, Richard Grey, wannan kam ta sani sarai kuma duk da haka ta fito, wato rashin mafita ma yana sa mutum ya yi abin da ba a zata ba. Hujjar tana yanka ta ko'ina, ni dai laifina shi ne na ƙi kallonta sam.

Mataki na 7: gwajin da zai hana ka ruɗuwa

Wannan kar ka bar shi ko da ka gaji. Washegari ka mayar da katunan ka sake cakuɗawa ka ja wasu biyar a kan gurabe ɗaya. Za ka ga su ma sun "dace". Ni a gurbin riba Sarki ne ya fito, ya dace, a gurbin yara shida na kofuna mai hoton yara biyu da furanni, ya dace har ya fi na jiya. Na ja biyar na kofuna don gwaji, mutum cikin baƙin mayafi yana kallon kofuna uku da suka zube ga biyu a tsaye a bayansa, na ce ai wannan uwar ce. Kowane kati ka ja sai ya dace, saboda hotunan mutane ne cikin tsoro da kwaɗayi da baƙin ciki, labarin ma haka, kuma kanka ne ke ɗinke su. Na ma gwada da hotunan kalandar wani kamfanin taki, wani dattijo riƙe da buhu yana murmushi, ya ba ni tambaya mai kyau a kan su waye ke kai wa yaran abinci kuma ina suka shiga bayan an sallami barorinsu. In ka yi wannan gwajin sau ɗaya ba mai duban da zai ƙara burge ka da "ka ga abin da ya fito".

Mataki na 8: tace abin da ka samu

Koma gida na uku ka karanta duk abin da ka rubuta. Kowane layi ka tambaye shi, akwai inda zan je in duba wannan? In akwai ka sa masa alama, ya zama aikin karatu na gaba. In babu, irin "ina jin yaron ya san za a kashe shi tun a hanya", ka bar shi a wurin, in kana rubuta gajerun labarai zai yi maka amfani, amma kar ka je ka baza shi a Facebook da sunan tarihi. Ni daga zama biyu na fita da abubuwa huɗu na dubawa: yaushe takamaimai aka yi wa yaran gani na ƙarshe, ina Buckingham yake a ƙarshen Yuli, wa ke riƙe da Hasumiyar a watannin nan, da kuma me ya hana Henry tono gawarwakin ya nuna wa duniya in har ya san inda suke, tunda ba abin da zai rufe bakin Warbeck kamar haka.

Sannan ka juya bayan 'yar takardar nan ka sake rubuta hukuncinka da kwanan wata. Nawa bai canza suna ba, har yanzu baffa nake zargi, sai dai dalilin ya tashi daga "wa ya ci riba" ya koma "makulli na hannunsa kuma ya yi shiru", na kuma ƙara a ƙasa cewa in an buɗe tulun nan aka ga ƙasusuwan ba nasu ba ne zan dawo in zauna da maganar Warbeck da gaske. Na ɗaure katunan da roba na jefa a durowa, takardar kuma tana cikin littafin, a shafin da na rubuta Maris 1484 na zagaye shi da jan biro.